Ina Motar Kara Ta Shiga? Fashin Baƙi Kan Yarintar Da Muka Kulle A Gida

Makon jiya yarona ɗan aji huɗu ya dawo daga makaranta da wata 'yar takarda, wai an ba su aikin hannu, kowa ya haɗa gida da kwali ya kai ranar Litinin, maki ashirin ne. Ni har na ji daɗi, na ce to ga kwalin taliya can a kicin, ga almakashi, je ka fara. Sai uwarsa ta kalle ni ta ce, "Haba Malam, ai ba haka ake yi ba yanzu, akwai wani a bakin kasuwa da yake haɗawa har da fenti da taga da 'yar bishiya a ƙofar gida, duk 'yan ajinsu can ake sayo musu, in ya yi da kansa dariya za a yi masa kuma anti ba za ta ba shi maki ba." Na yi shiru. Abin da ya fi tsaya min a rai ma yaron ko gardama bai yi ba, bai ce a'a ni zan yi kayana ba, komawa ya yi kan kujera ya ɗauki wayar uwarsa, shi dai an raba shi da wahala.

Mu da muka yi firamare a tsakiyar shekarun 1980 mu ne ragowar guguwar UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa da Obasanjo ya ƙaddamar a 1976, lokacin da aka kwaso yara aka zuba a makaranta fiye da abin da ajujuwa da malamai za su iya ɗauka. Ajinmu rabinmu a ƙasa muke zama, taga ba murfi, allon bango ma mu ne muke shafe shi da baƙin cikin tsohon batir in ya koɗe. Amma akwai ranar aikin hannu, kuma da gaske hannunka ne zai yi. Wani ya tufka igiya, wani ya sassaƙa muciya, mata su ɗinka faifai, wani ya gina 'yar tukunya da yumɓu ta fashe a hanya ya iso yana kuka. A gabanmu abin ya fara lalacewa, ina tunawa sarai. Da farko aka ce wanda bai iya komai ba ya kawo tsintsiya, sai tsintsiyar ta koma ta kasuwa, sai aka ce a kawo sabulu ma ya yi, kafin mu gama aji shida monita ne yake bi layi-layi yana karɓar kuɗin aikin hannu yana rubuta suna. Gidan kwalin bakin kasuwa jikan wannan tsintsiyar ne.

To amma ainihin makarantarmu ta ƙere-ƙere ba a cikin aji take ba, tana bayan an tashi. Duk wanda ya taɓa yin motar kara ya san aikin ba wasa ba ne. Sai ka nemo busasshen karan dawa mai kauri bayan an yi girbi, ka ɓare ɓawon a hankali, kuma ɓawon nan kaifi gare shi ya fi reza, ba wanda ya koyi aikin bai yanke ba, sai ka tsotse jinin ka ci gaba. Totuwar ciki ita ce katako, ɓawon shi ne ƙusa. Taya kuma tsohon silifas za ka yanka, in ba ka yanka shi daidai ba motar ta riƙa ɗingishi abokai suna maka tsiya, wai motarka ta sha ƙwaya. Babbar matsalar ita ce yadda taya za ta juya ba tare da ta kwance jikin motar ba, mun daɗe muna fama kafin wani yaro a layinmu ya gano cewa in ka zura tsinke a cikin bututun biro da ya ƙare, ka ɗaure bututun a ƙasan motar, tsinken zai juya shi kaɗai. Cikin kwana uku duk unguwa an kwaikwaya. Ba wanda ya koya masa, ba wanda ya ba shi maki, kuma sai da na girma na ga abin a ƙarƙashin mota ta gaske na yi dariya ni kaɗai. Daga nan aka koma motar gwangwani da ta langa-langa, masu zurfin kai har fitila suke sa wa tasu da ƙwan tocila da mataccen batir da aka shanya a rana.

Ga tashe kuma. Azumi ya kai goma yara za su haɗa kansu, su raba aiki, wannan ya yi gemun auduga, wancan ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, a ɗaure leda a bakin gwangwani a samu ganga, a bi unguwa-unguwa cikin dare ba babba ko ɗaya, a ƙarshe a zauna rabon kuɗi da hatsi, wanda nan ne muka fara sanin lissafin rabawa da kuma rigimar da ke cikinsa. A makarantar allo ma kai za ka feƙe alƙalaminka na gamba da reza, ka dafa tawada da ƙaro, ka wanke allonka. Yaro ɗan shekara takwas da reza a aljihu, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Kafin in ci gaba gara in raba kalmomi biyu da muke cakuɗawa, don a nan duk rikicin yake: kasada da haɗari. Kasada ita ce wadda yaro yake gani da idonsa ya auna ya zaɓa, kamar reshen mangwaro, ya san in ya ƙara taku ɗaya zai iya karyewa, gabansa na faɗuwa, shi zai yanke ko ya taka ko ya sauko. Haɗari kuwa shi ne wanda bai gani ba ko kuma bai da ta cewa a ciki, kamar rijiyar da ciyawa ta rufe, ko wayar wuta a cikin ruwa, ko mutumin da ya zo da alewa da mugun nufi. Wata mai bincike 'yar ƙasar Nowe, Ellen Sandseter, ta zauna tana kallon yadda yara ke wasa, a 2007 ta kasa wasan kasada gida shida: hawa sama, gudu mai tsanani, amfani da kayan aiki masu kaifi, wasa kusa da ruwa ko wuta, kokawa da juna, da kuma yin nisa inda babba ba ya ganinka. Da na karanta sai na ga ai jadawalin ranar Asabar ɗinmu ne ta rubuta, hawan tsamiya, gangarowa da keken haya ba birki, reza, kududdufi, langa da kokawa, sai tafiya kamun fara har bayan gari. Abin da ita da ire-irenta suke cewa shi ne da irin wannan wasan yaro yake koyon sarrafa tsoro, yana ɗanɗanarsa kaɗan-kaɗan har ya san iya ƙarfinsa. Ƙirƙira ma ai kasada ce, ka yi abin da ba ka da tabbacin zai yi, a gaban mutanen da za su iya yi maka dariya.

Kuma kar mu yi wa kanmu ƙarya, zamanin namu haɗarin ma ya cika shi. Kududdufin da muke yabo shi ne ya raba mana tsargiya, yara suna fitsarin jini har wasu na ɗauka alamar zama namiji ce. A ƙauyuka ga kurkunu, wanda sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Kusan kowace damina sai an ji ruwa ya ci yaro. Akwai abokinmu da ya faɗo daga bishiya aka kai shi wajen mai ɗori, har yau hannun bai miƙe ba. Malaman namu ma ba wasu masu goyon bayan tunanin yaro ba ne, dorina ce da kamun kunne da tsallen kwaɗo, ka yi tambayar da ta fi ƙarfin malam ka sha duka. Ni a ganina makaranta ba ta taɓa koya mana ƙirƙira ba, abin da ta yi mana kawai shi ne ta sake mu da wuri. Iyaye ma ba wata dabara ce ta tarbiyya suka zauna suka tsara ba, yara ne goma a gida ga aiki, ba mai lokacin bin ka. A cikin wannan sakacin muka samu fili.

Abin ba mu kaɗai ya shafa ba. A Ingila wani bincike da Mayer Hillman da abokan aikinsa suka yi ya nuna a 1971 kashi 80 cikin ɗari na yara 'yan shekara bakwai da takwas su kaɗai suke tafiya makaranta, zuwa 1990 sun koma kashi 9. A Amurka kuma wata malamar jami'a, Kyung Hee Kim, ta tattara sakamakon gwajin Torrance da ake auna basirar ƙirƙira da shi, na mutum sama da 270,000, ta wallafa a 2011 cewa tun wajen 1990 makin yake sauka, kuma saukar ta fi tsanani a ƙananan yara. Su nasu dalilan akwai yawan motoci da tsoron a kai makaranta ƙara kotu in yaro ya ji ciwo. Namu dalilan sun ɗan bambanta, wasu ma sun fi nasu nauyi.

Na farko fili ya ƙare. Jihar Kano a ƙidayar 1991 mutum miliyan 5.8 ne, a ta 2006 ta kai miliyan 9.4, kuma kowa ya san inda aka zuba mutanen. Kangayen da muke buga ƙwallon tsumma an gine su, kududdufai an cike an yanka filoti, gonakin bakin gari da muke samun kara sun zama unguwanni, filayen makarantun gwamnati da yawa an zagaye su da shaguna. Makarantun kuɗi kuma wasunsu gidan haya ne mai ɗaki huɗu, tsakar gidan an shafe da siminti, in an fito tara yara tsayuwa suke yi suna cin biskit don ba wajen gudu. Lungun ƙofar gida da ya rage babur da adaidaita sahu sun karɓe.

Sai lokaci, kuma wannan shi ya fi ba ni tausayi don da hannunmu muka yi shi, kuma da kyakkyawar niyya. Ɗauki ranar yaro ɗan aji huɗu. Ƙarfe bakwai an saka shi a mota ko adaidaita, boko har ƙarfe biyu, wasu makarantun su ƙara lesin na dole zuwa uku, ya dawo ya haɗiye abinci ya canza kaya sai islamiyya huɗu zuwa shida, bayan magariba ga hadda ga aikin gida na darasi uku, Asabar da Lahadi tahfiz tun safe, dogon hutu ya zo a ce akwai lesin hutu kar ya manta karatu. Ba wanda zai ce karatun addini ko na boko laifi ne, mu ma mun haɗa allo da boko, amma mu akwai ramuka a cikin ranarmu, akwai awa uku huɗu da ba na kowa ba ne, kuma Alhamis da Juma'a ba allo. A irin wannan lokacin ne zaman banza yake isar yaro har ya tashi ya nemi abin yi. Yaron yanzu in ya samu minti talatin a gajiye yake liƙis, abin da zai iya kawai shi ne ya kwanta ya kalli waya.

Shi ya sa ban cika ɗora wa waya laifin duka ba kamar yadda ake yi. Ta zo ta tarar da yaro a kulle a falo ne ta ɗebe masa kewa, mu ma ta ɗebe mana ƙiriniyarsa. Illarta dai ita ce ba ta barin gundura ta nuna.

Tsoro kuwa ba wanda zai ce na banza ne. A 2019 aka gano yara tara da aka sace daga Kano a Onitsha an canza musu suna. A farkon 2022 duk ƙasar nan ta girgiza da labarin yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu da kansa ya sace ya kashe. Ga Ƙanƙara a Disambar 2020, ɗalibai sama da 300, ga Jangebe a Fabrairun 2021, 'yan mata 279, ga Kuriga a Maris ɗin 2024, kuma bayan irin waɗannan jihohi sun sha rufe makarantun kwana, inda nan ne da yawanmu muka koyi tsayawa da ƙafarmu. Tashen ma 'yan sandan Kano sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da suke fakewa da shi. Uban da ya ce ɗansa ba zai je bayan gari kamun fara ba yana da gaskiya, ni ma ba zan bar nawa ba. Inda nake ganin mun zarce shi ne tsoron ya tashi daga inda ya dace ya mamaye komai, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mai satar mutane me ya haɗa shi da hawan bishiyar gwaiba da ke tsakar gida? Me ya haɗa shi da almakashi, ko kunna ashana a gaban uwa, ko zuwa shagon da ke ƙarshen layi sayo magi? Amma duk mun haɗa mun hana, kar ka hau, kar ka taɓa, za ka faɗi, za ka ɓata kayanka. Yaron da ya ji wannan sau ashirin a rana har shekara goma ai ya haddace darasin.

Akwai kuma wani abu da ba mu lura da shi ba a lokacin. Yawon da muke yi muna ganin ba mai kallonmu, ashe akwai idanu ko'ina, tela a shagonsa, mai shayi, dattijan da ke kan dakali, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli. Kafin ka dawo gida labarin inda ka je ya riga ka. Ɗa na kowa ne a aikace, maƙwabci zai zane ka ya kawo ka gida a ƙara maka. Yau ka tsawata wa ɗan wani sai maganar ta kai ofishin 'yan sanda, to kowa ya kama kansa, unguwannin ma na baƙin juna ne, katanga ta yi tsawo ga get. Da idanun suka janye sai waje ya ƙara zama abin tsoro, sai iyaye suka janye yara, da yaran suka ragu a layi sai wanda ya rage shi kaɗai ya fi shiga hatsari, shi ma aka janye shi. Haka abin yake cin kansa.

Makarantar kuɗi kuma abin da uba zai iya gani take sayarwa, sakamako mai kyau, Turanci a baki, rigar yaye ɗalibai tun daga nazire. Kuskure ba ya sayuwa. Malami ya ba da rubutu a kwafa, ranar jarrabawa a dawo masa da shi kalma-kalma, wanda ya faɗa da nasa kalmomin a rage masa maki. Gwamnati ta taɓa yunƙurin gyara wannan da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) da aka fara a 1982, aka ce ƙaramar sakandare za a koyi aikin katako da ƙarfe da lantarki, aka shigo da injuna daga ƙasashen gabashin Turai, da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa don ba wuta ba malamin da ya iya. Darasin ya koma zana hoton zarto a allo ana rubuta sunayen sassansa.

Duk wannan bayanin rabin yaranmu kawai ya shafa fa. Ɗaya rabin ba wanda ya kulle su, su ne almajirin da ke kwana a tasha, da 'yar talla a bakin titi, da ɗan jari-bola da ke tona shara da hannu ba safa. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Waɗannan ba kasada suke yi ba, haɗari aka jefa su ciki ba da zaɓinsu ba. Abin mamaki har yanzu a hannunsu za ka ga motar gwangwani da fanka ta mataccen rediyo, su ke da dabarar amma ba karatun da zai ɗaga ta, namu kuma ga karatun ba hannun. Wanda ya haɗa biyun ne yake fita daban. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, tun yana yaro yake zane-zanen motoci, sannan karatu ya ɗauke shi daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi zuwa Detroit. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14 rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida, ya haɗa injin iska mai ba da wuta da tarkacen keke da bola, amma a littafin laburare ya ga hoton abin.

Turawan da suka riga mu kulle yara yanzu neman hanyar buɗewa suke. Tun 1943 a Denmak aka buɗe wani filin wasa a Emdrup wanda ba komai a ciki sai katakai da tarkace da guduma, yara su gina abin da suka ga dama. Jihar Utah a Amurka sai da ta yi doka a 2018 cewa barin yaro ya tafi makaranta ko filin wasa shi kaɗai ba sakaci ba ne. A 2024 ƙungiyar likitocin yara ta Kanada ta fito ta ce a bar yara su yi wasan kasada, a kawar musu da haɗarin da ba sa gani kawai. Wato abin da kakanninmu suka ba mu kyauta su sai da likita ya rubuta musu.

Ni dai gidan kwalin an saya, ban ci wannan yaƙin ba, ya kuma samu sha takwas cikin ashirin. Amma ranar Asabar na hana shi zuwa lesin, na fita neman kara, sai da na kai wajen masu suyar ƙosai a bakin hanya kafin na samu, shi ma sayar min aka yi. Na zube a tsakar gida na ba shi reza, uwarsa tana daga ƙofar kicin tana salati. Tambayar farko da ya yi min ita ce, "Abba, wace iri ake so a yi?" Na ce ba wanda yake so, kai ka sani. Ya kusa minti goma yana juya karan a hannu yana kallona ko zan faɗa masa. Ɓawon ya yanke shi a babban yatsa, ya duba jinin ya duba fuskata, da ya ga ban tashi ba sai ya sa a baki. Zuwa la'asar yaran maƙwabta biyu sun shigo, ana ta musu a kan silifas ɗin wa za a yanka. Tayar har yanzu ba ta juyawa, kuma ban gaya musu maganar bututun biro ba.